Rawar Inji: Daga Tashar Malam Madori Zuwa Garejin Bakanike

A shekarar 1930 layin dogon da ya taso daga Kano ya isa Nguru. Bai ratsa birnin Haɗejia ba, ta arewa ya bi, shi ya sa Malam Madori ta zama tashar da masarautar ke loda gyaɗarta. Jiragen wancan zamani masu cin kwal ne, kuma sun zo da wata matsala da ta daɗe tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya: ƙarfen da ke kai da komo cikin sauri, dole ya girgiza abin da ke ɗauke da shi. Maganin da aka samo shi ne ɗaura wa ƙafafun jirgin ƙarin nauyi, amma shi ma nauyin sai ya riƙa dukan dogo a kowane juyi. An rage wata rawar, an haifar da wata.

Wannan ciniki ya bi inji har cikin mota. A inji mai silinda huɗu a jere, fistin ya fi sauri a rabin tafiyarsa na sama fiye da na ƙasa, don haka ko an auna komai daidai, akwai karkarwar da ke zuwa sau biyu a kowane juyin karanshaf. A farkon ƙarni na 20 wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya ƙirƙiro sanduna biyu masu nauyi da ke juyawa cikin inji don kashe ta. Mitsubishi ya farfaɗo da dabarar a 1975, har Porsche ya biya kuɗi ya sa ta a motarsa ta 944.

A 1975 ɗin kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa 504, wadda Hausawa suka kira Fijo, ta zama motar ma'aikata da ta haya a hanyoyin Kano, Haɗejia da Gumel. Injinta mai silinda huɗu ba shi da waɗannan sanduna. Robar kujerar inji ce ke shanye karkarwar. Tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu, 504 Coupé, wadda aka sa wa inji mai silinda shida a 1974, haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo. Tun asali don silinda takwas aka zana shi, aka yanke biyu, sai tazarar tashin wutarsa ta zama ba daidai ba: digiri 90, sannan 150. Da rawarsa aka haife shi, amma hakan bai hana Jean-Pierre Nicolas lashe tseren Safari na Kenya da shi a 1978 ba.

A nan tarihin yake da amfani ga mai tsohuwar mota. Idan aka sauke inji aka yi masa ringin, sannan ya tashi yana jijjiga, rigima takan ɓarke: mai mota ya ce an ɓata masa aiki, bakanike ya ce haka injin yake. Kowannensu na iya yin gaskiya, kuma akwai hanyar tantancewa kafin a sake kwance komai.

Da farko a tayar da motar a tsaye, giya a firi. Idan rawar ba ta zuwa sai ana tafiya, laifin na taya ne ko farfela. Idan tana nan a tsaye, a saurari yadda take bin totur. Rawar da ta fi ƙarfi a silo, ta lafa in an ba da wuta, yawanci wata silinda ce ba ta cin mai: a cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka cire sautin bai sauya ba, nan cutar take. Sau da yawa wayoyin ne aka juya, aka saɓa jerin 1-3-4-2. Rawar da ke ƙaruwa da totur kuwa ta rashin daidaiton nauyi ce, domin ƙarfinta yakan ninka huɗu duk lokacin da gudun juyi ya ninka biyu. Sai a tambaya: an haɗa fistin ko kwanrod daga injuna daban? An mayar da fulawil da kuloci yadda aka same su? Sannan a duba kujerar inji, domin robar da ta tsage takan kai karkarwar da injin ya saba yi har cikin sitiyari.

Yau injin da ya fi yawa a fadamun Haɗejia shi ne na ban ruwa mai silinda ɗaya, wanda ya bazu sosai da shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990. Nauyin karanshaf kaɗai ba ya iya kashe rawar silinda ɗaya, cinikin jirgin kwal ne ya sake dawowa. Manomin albasa ya san sautin injinsa na kullum, kuma ranar da sautin ya sauya yakan kashe shi kafin karanshaf ya karye a tsakiyar rani. Sanin rawar gado, da bambance ta da baƙuwa, shi ne rabin aikin bakanike.