Wa Aka Fara da Shi? Manufofin Kiwon Lafiya a Nijeriya, Gana da Nijar

A shekarar 1971 wani likitan karkara a yankin Wales na Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta a mujallar The Lancet cewa kyakkyawar kulawar likita ta fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta, kuma abin ya fi muni inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Bai yi maganar da Afirka ta Yamma a ransa ba, amma da wuya a sami inda ta zauna daram kamar nan. Wannan maƙala ta ɗauki ƙasashe uku da suka tashi gyara cuta iri ɗaya a tsakanin 2003 da 2006, kowace ta bi hanyarta. Abin da nake son nunawa shi ne, sunan manufa, inshora ce ko kyauta, ba ya gaya mana ko za ta yi adalci. Ana gane hakan ne daga wanda aka fara shigarwa, da kuma aljihun da kuɗin ke fitowa.

Cutar da suka tashi gyarawa tana da asali. A shekarun 1980, lokacin da bashi ya danne gwamnatocin Afirka, aka ɗora wa majiyyaci biyan kuɗin magani. Shirin Bamako na 1987, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka goyi baya, ya ba abin tsari: a sayar wa jama'a magani a ɗakin shan magani, a juya kuɗin a sayo wani. Magani ya samu a kan kanta, wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ba shi da kuɗi ya koma gida, ko ya tsaya wurin mai kyamis ya sayi ƙwaya ta kwana biyu maimakon ta mako guda. Mutanen Gana sun laƙaba wa nasu tsarin suna mai ma'anar "biya ka ɗauka", kuma sunan ya dace da ko'ina.

Nijeriya ta zaɓi inshorar da ke rataye da albashi. An kafa dokar a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005 zamanin Obasanjo, kuma an fara ne da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Dalilin a fili yake: mai albashi yana da suna a rajista, ana iya cire masa kaso kafin kuɗi su shiga hannunsa. Amma sauƙin gudanarwa daban, adalci daban. Manomi, mai tireda, ɗan acaba, matar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gida, duk an ce su jira, a kai gare su daga baya. Shekara goma sha biyar bayan haka, waɗanda shirin ya rufe ba su kai kashi 5 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya yana fitowa ne kai tsaye daga aljihun majiyyaci da danginsa.

Akwai wani ƙaramin sharaɗi a shirin da ya kamata mai karatu daga Arewa ya tsaya a kansa. Katin ma'aikaci yana rufe shi kansa, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Ƙari a kan haka sai an biya daban. Wanda ya tsara wannan yana da wani irin gida a ransa, kuma ba gidan malamin makaranta mai mata biyu da 'ya'ya tara da tsohuwa a ɗakin baya ba ne. Ko a cikin 'yan ƙalilan da suka shiga, sai maigida ya zauna ya zaɓi wa zai sa a kati. Na taɓa ganin yadda ake yin wannan zaɓin a gidan wani ɗan'uwana: aka sa uwargida da ƙananan yara huɗu, amarya kuwa da ta zo haihuwa da tiyata, sai da aka sayar da raguna biyu.

Giɓin da shirin ya tarar yana cikin alƙaluma. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar, alhali a Kudu maso Yamma 62 ne. Tsakanin Kebbi mai 252 da Ogun mai 30, kai ka ce ƙasashe biyu ne a nahiyoyi biyu. Ba inshora ce ta haifar da wannan giɓi ba. Talauci, ƙarancin karatun mata, nisan asibiti da yunwa duk suna da hannu. Abin da za a tuhumi manufar da shi shi ne, ta tarar da giɓin, ta je ta tsaya a gefen da ya fi ƙarfi.

Gana ta fi wayo wajen kuɗi. Dokar 2003, zamanin John Kufuor, ta ƙara kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan da ake saye da sayarwa, ta kuma ɗebi wani kaso daga asusun fanshon ma'aikata, aka zuba a asusu guda. Yara 'yan ƙasa da 18, tsofaffi daga 70, da matalauta na ainihi ba sa biyan kuɗin shekara, kuma daga 2008 aka haɗa da mata masu ciki. Tun da haraji ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, shirin bai jira mutum ya sami albashi ba. Cikin 'yan shekaru ya kai ga miliyoyin mutane, abin da Nijeriya ba ta ko kusanta ba.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Kowa na biyan harajin in ya sayi sabulu ko ƙyalle, amma ba kowa ke da kati mai rai ba, domin katin sai an sabunta shi duk shekara. Wani rahoto da ƙungiyar Oxfam ta fitar a 2011, wanda ya harzuƙa hukumar inshorar Gana, ya ce kashi 64 cikin 100 na masu hali sun yi rajista, amma na matalauta kashi 29 kawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A yi tunanin 'yan matan arewacin Gana da ke dako a kasuwannin Akara da Kumasi, waɗanda ake kira kayayei, sunan da rabinsa kalmar Hausa ce, kaya. Ranar da ɗaya daga cikinsu za ta ɓata a layin sabunta kati rana ce da ba za ta ci abinci ba. Shi ya sa sabuntawa ta wayar hannu da aka ɓullo da ita a 2018 ta fi wasu manyan dokoki amfani ga irinsu. Sai kuma matsalar jinkirin biyan asibitoci, wanda kan kai watanni, har wasu su koma karɓar kuɗi daga mai kati.

Nijar ce ta fi ban mamaki, kuma ita ce za mu daɗe a kanta. Ƙasar da ta fi sauran biyun talauci nesa ba kusa ba, ita ce ta ce ba kati, ba rajista, ba kuɗin shekara. A 2005 gwamnatin Tandja Mamadou ta mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, awon ciki da tsarin iyali. Sharaɗin shiga shi ne ka kasance yaro ko ki kasance mai ciki, abin da ido ke gani ba sai an kawo takarda ba. Kafin wannan kuma an riga an fara gina ƙananan gidajen likita kimanin 2,000 a karkara, don haka kyautar ta sami wurin sauka. Binciken da Agbessi Amouzou da abokan aikinsa suka buga a The Lancet a 2012 ya nuna mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Masu binciken ba su ba kyautar magani duka yabon ba. Sun lissafa rabon gidan sauro, da sinadarin bitamin A, da cibiyoyin tamowa. Amma duk waɗannan tafiyarsu ɗaya: an kai su ga yaron ƙauye ba tare da an tambayi sana'ar ubansa ba.

Sai dai kyautar Nijar ta yi tuntuɓe a inda kyauta kan yi. Tsarin shi ne gidan likita ya yi magani, ya aika da takardun lissafi Yamai, baitulmali ya mayar masa. Baitulmali kuwa ya riƙa jinkiri na watanni, wani lokaci shekaru, bashi ya taru ya kai biliyoyin sefa. Masu bincike na cibiyar LASDEL, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bi abin daki-daki: an yanke shawarar daga fadar shugaban ƙasa cikin gaggawa, ba a tanadi kuɗin ba. Gidan likitan da ba a biya ba ba ya iya sayo magani. Uwa ta kawo yaro, a duba shi kyauta, a miƙa mata takarda a ce ta je ta saya a waje. Mai hali ta saya, marar hali ta ɗaure takardar a bakin zane ta koma gida. Bambancin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, amma ba duka ba, domin ko duba yaron da gane cutarsa da wuri abu ne da a da ba ta samu.

Masu goyon bayan inshora suna da hujja a nan, kuma ba ta banza ba ce: asusun da jama'a ke zuba wa kuɗi ya fi alƙawarin ɗan siyasa ɗorewa. Sukan kawo misalin Ruwanda, inda inshorar al'umma ta rufe mafi yawan 'yan ƙasa. Abin da ba sa cika faɗa shi ne, a can shiga dole ne, gwamnati ce ke biya wa mafi talauci, kuma kuɗin baitulmali da na agajin waje ne ke tallafe da asusun. Wato ko inshorar da ta yi nasara, haraji ne ƙashin bayanta. Adashi tsakanin matalauta zalla ba ya biyan kuɗin tiyata.

Da alama Nijeriya ta fara karɓar wannan darasi, aƙalla a takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta mai da inshora wajibi, ta kuma kafa asusun marasa galihu da aka ce zai rufe mutum miliyan 83. Jihohi, har da Kano, sun kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, sai dai yawancinsu sun fara ne da ma'aikatan jiha, wato sun bi sawun Abuja na 2005. A Abujar ce kuma shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Kasafin tarayyar Nijeriya ya shafe mafi yawan shekarun da suka biyo baya yana kai-komo tsakanin kashi 4 da 6.