NARD: Yadda Ƙananan Likitoci Suka Samar wa Kansu Murya

Na taɓa jinyar ƙanin mahaifina a wani asibitin koyarwa, kuma a nan na fara sanin waɗanda ke riƙe da asibiti idan dare ya raba. Da misalin ƙarfe biyu numfashinsa ya sarƙe, ma'aikaciyar jinya ta buga waya, sai ga wani matashi ya shigo da sauri, idanunsa jawur, abin sauraren ƙirji rataye a wuya. Bai bar gefen gadon ba sai da aka yi kiran assalatu. Da na yi masa sannu, ya shaida mini cewa tun safiyar jiya yake cikin asibitin, kuma jarrabawa na jiransa nan da mako uku. Bayan kwana biyu na ga hotonsa manne a allon sanarwa, yana neman kujerar sakataren reshen ƙungiyarsu. Na tambaye shi ina ya ga lokacin wannan ɗawainiya, ya ce mini idan irinsu ba su shiga ba, babu mai kai kukan ɗakin nan inda za a ji.

Ƙungiyar da yake nufi ita ce NARD, wadda gidajen rediyo ke kira ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta Najeriya. Yawancinmu ba ma jin sunanta sai an shiga yajin aiki, shi ya sa mutane da dama ba sa kallonta da idon rahama. Amma tarihinta ya fi yajin aiki faɗi, kuma ya kamata a san shi.

Asalin abin yana komawa ga uwar ƙungiyar likitocin Najeriya, wato NMA, wadda ta fara a 1951 a matsayin reshen ƙungiyar likitocin Birtaniya, kafin ta tsaya da ƙafarta a lokacin samun 'yancin kai. A wancan zamani likitoci 'yan ƙasa ba su da yawa, kuma duk mai son ya ƙware a tiyata ko ciwon yara ko haihuwa sai ya haye teku zuwa Ingila ya yi shekaru. Asibitin koyarwa na Ibadan an buɗe shi a 1957, tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a 1967. Sannu a hankali aka ga cewa ba zai yiwu ƙasa ta dogara da waje wajen samar da ƙwararru ba, sai aka fara horar da su a gida cikin shekarun 1970. Kwalejin likitocin Afirka ta Yamma ta kafu a 1976, sannan doka mai lamba 67 ta 1979 ta kafa kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci, wadda hedikwatarta ke Ijanikin a Legas.

Wannan tsari ya haifar da wani sabon rukunin ma'aikata da ba a saba da shi ba. Mutum ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda ta gwajin aiki a asibiti, ya yi bautar ƙasa, ya ci jarrabawar share fage, sannan a ɗauke shi horo. Daga nan ya zama likita cikakke mai lasisi, amma kuma ɗalibi. Ma'aikacin gwamnati mai albashi, amma na wucin gadi. Shi ke kwana da marar lafiya, amma sa hannun babban likita ne ke ba shi izinin zama jarrabawa ta gaba. Sai ya tsallake jarrabawar kashi na ɗaya da na biyu, ya rubuta kundin bincike, kafin a kira shi ƙwararre, kuma hakan kan ci shekara biyar ko shida, wani lokaci fiye. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai iya miƙewa a taron NMA ya ƙalubalanci shugaban sashensa ba, domin gobe da safe a bayansa zai tsaya wajen zagayen marasa lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga rassan da ƙananan likitoci suka kakkafa a asibitocin koyarwa aka haɗu aka samar da ƙungiya ta ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, ta zauna ƙarƙashin inuwar NMA amma da shugabanninta da tarukanta.

Ba ta daɗe da kafuwa ba ta gamu da jarrabawarta ta farko. Sojojin da suka karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983 sun kafa hujja, cikin wasu abubuwa, da cewa asibitoci sun koma wuraren duba marasa lafiya kawai, babu magani babu kayan aiki. Likitoci suka riƙe su da wannan magana, suka nemi a gyara. Da aka kasa daidaitawa aka shiga yajin aiki, kuma a 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta haramta NMA da NARD gaba ɗaya, ta kori likitoci, ta tsare wasu jagorori, ciki har da Dakta Beko Ransome-Kuti. Sai bayan juyin mulkin Janar Babangida a watan Agusta na wannan shekara aka sake su, ƙungiyoyin suka dawo da aiki.

A cikin matasan da suka ja ragamar wancan yajin aiki akwai wani likitan mata daga Ibadan, Isaac Adewole. An kore shi daga aiki, aka shiga nemansa, har ya bar ƙasar na wani lokaci. Ya dawo ya zama farfesa, ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 2010 zuwa 2015, kuma a watan Nuwamban 2015 Buharin da ya kore shi ya naɗa shi ministan lafiya. Duk mai neman hujjar cewa wannan ƙungiya makarantar shugabanci ce, ga ta nan. Sai dai labarin yana da ɗaya ɓangaren da ke sa ni juyayi. A watan Yunin 2016, lokacin da Dakta Muhammad Askira ke shugabancin NARD, ƙungiyar ta shiga yajin aiki, kuma daga ma'aikatar da Adewole ke jagoranta aka fitar da umarnin a maye gurbin masu yajin da wasu. Ban ce mutumin ya manta da inda ya fito ba, domin kujerar minista tana da nata nauyi da wanda ke waje ba ya gani. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, matsalar ta wuce ta mutum ɗaya: shekara talatin bayan 1985, ana jayayya a kan kusan abubuwan da aka yi jayayya a kansu tun farko.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tsarin ƙungiyar shi ne yadda take juya shugabanci. Wa'adin shugabanta na ƙasa shekara ɗaya ne tak, ana zaɓe a babban taron shekara-shekara wajen watan Satumba, kuma da zarar mutum ya gama horo ya zama ƙwararre, zamansa a cikinta ya ƙare. Saboda haka babu wanda zai yi kaka-gida a kan kujera. A kowane asibitin koyarwa da cibiyar lafiya ta tarayya akwai reshe mai shugaba da sakatare da ma'aji da jami'in walwala, ga wakilin sababbin likitoci masu shekarar gwaji. Matashi ɗan shekara talatin da 'yan kai zai tsinci kansa yana zaune da shugaban asibiti suna lissafin kuɗin aikin kwana, ko yana rubuta takardar bayan taro, ko yana lallashin ɗaruruwan abokan aiki da ransu ya ɓaci su ƙara wa gwamnati mako biyu. A nan ake koyon karanta takardar albashi da dokar ƙwadago, da yadda ake magana gaban 'yan jarida, da yadda ake shan kaye a ƙuri'a a dawo gobe a yi aiki tare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koyarwa a ajin likitanci, alhali duk wanda zai riƙe asibiti ko ma'aikata wata rana yana bukatarsu.

Kuma kujerar tana zagaya ƙasa. Dakta Jibril Abdullahi ne ke kai a 2014, shekarar da gwamnatin Goodluck Jonathan ta dakatar da shirin horon baki ɗaya a watan Agusta, matakin da ya shafi likitoci kusan 16,000, ana tsakiyar fargabar cutar Ebola. Ba a yi wata guda ba aka janye. Dakta Aliyu Sokomba ne ya riƙe ta lokacin da korona ta shigo a 2020, lokacin da jama'a suka fara jin cewa alawus ɗin haɗarin aiki na likita naira 5,000 ne a wata. A ƙarshen 2021 aka ƙara shi.

Wa'adin shekara guda yana da nasa aibi, kuma ba na jin ƙungiyar ta magance shi. Kafin sabon shugaba ya gane kan takardu, ya san wa ke da faɗa a ji a ma'aikatar lafiya da ta ƙwadago da ofishin kasafi, rabin wa'adinsa ya tafi. Jami'an gwamnati sun san haka. A sa hannu kan yarjejeniya, a ja ƙafa, shugaban ya sauka, wanda ya gaje shi ya faro daga tushe.

Duk da haka an samu abin nunawa. Mafi girma a ganina ita ce dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa, wadda majalisa ta zartar a 2017, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a 2018. Kafin ita, shirin horon ya dogara ne da takardun umarni na ma'aikata, shi ya sa aka iya dakatar da shi da takarda guda a 2014. Dokar ta ba shi gindin zama, kuma a kanta aka dogara wajen samar da asusun da ke biyan kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasan da a da likita ke cirewa daga albashinsa. Shugabanni da dama ne suka yi ta bibiyar wannan doka, kowa ya miƙa wa na bayansa, kuma yawancin waɗanda suka faro ba su ci moriyarta ba domin sun riga sun gama horo. A 2023 ma, da aka kawo ƙudiri a majalisar wakilai na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar, muryar NARD na cikin waɗanda suka fi ƙarfi wajen adawa. A watan Agustan 2024 kuwa, yajin gargaɗin kwana bakwai da ta yi ba na kuɗi ba ne. Na neman a ceto wata abokiyar aikinsu ce ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka sace tun Disambar 2023, kuma ta kuɓuta bayan wata goma a hannun masu garkuwa.

Ba zan ɓoye ɗacin yajin aiki ba, domin na san abin da yake nufi ga talaka. Wanda aka fara ranar 2 ga Agustan 2021 ya haura wata biyu, gwamnati ta kai ƙara kotun ma'aikata, ta ce ba aiki ba albashi, ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, shi ma likita ne. A tsawon waɗannan makonni mai hali ya tafi asibitin kuɗi, marar hali ya koma gida da majinyacinsa ko ya nufi kemis. Mutumin da ya taho daga ƙauye da mai naƙuda a bayan mota ba ruwansa da wace yarjejeniya aka karya. Shugabannin ƙungiyar suna da hakkin wannan mutum a wuyansu kamar yadda gwamnati ke da shi, kuma shugaban da ya iya samo wa mambobinsa hakkinsu ba tare da an rufe ɗakin gaggawa ba, shi ne ya fi cancantar yabo a wurina. Amma wanda ya sa hannu a takarda ya ƙi cikawa, shi ya fi kowa alhaki.

Yau babbar barazanar da ke gaban ƙungiyar ita ce ƙaura. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Da yawansu daga wannan rukuni suke, masu ƙarfi a jika, waɗanda Ingila da Saudiyya da Kanada ke zawarci. Duk wanda ya tafi, aikin kwanansa kan waɗanda suka rage yake komawa, kuma wanda ya kwana biyu bai runtsa ba da wuya ya samu ƙarfin zuwa taron reshe, balle tsayawa takara. Arewa, inda likitoci suka fi ƙaranci tun asali, ita ta fi jin wannan a jika.

Shi ya sa kirana ga ƙannenmu da ke horo a Shika da Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran wurare shi ne kada su bar wa wasu wannan fage. Ku halarci taron reshe ko da a gajiye, ku karanta kundin tsarin ƙungiyar, ku nemi ko da kujerar mataimakin sakatare ce. Mata likitoci musamman, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a azuzuwan likitanci, su fito, domin maganar hutun haihuwa da ɗakin kwanan mai aikin dare da tsaron harabar asibiti babu mai faɗarta kamar su. Manyan likitoci kuma, waɗanda suka bi ta wannan hanya, su daina kallon ƙaramin da ya shiga ƙungiya a matsayin mai taurin kai. Su ba shi lokaci, su kuma sa masa hannu a takardar jarrabawarsa idan ya cancanta.