Debian: Babbar Manhajar da Ba Ta da Ubangida

A ranar 16 ga Agusta, 1993, wani ɗalibin Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana a Amurka, mai suna Ian Murdock, ya sanar da cewa zai fitar da wata babbar manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta. Shekarunsa 20 a lokacin. Ya ɗauki farkon sunan budurwarsa Debra, ya haɗa da nasa, ya raɗa wa aikin suna Debian.

Kafin nan an riga an share masa fage. Tun 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU, don samar da manhajojin da kowa ke da ikon duba yadda aka rubuta su, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya fitar da Linux, wato ƙashin bayan da ke haɗa manhajoji da na'urar kanta. Kaya sun samu, amma a warwatse. Akwai masu tattara su wuri guda, irin su SLS, sai dai kurakurai sun yi mata yawa, gyara kuma ba ya zuwa da wuri. Abin da ya ishi Murdock ke nan.

Shawararsa ita ce a mayar da abin aikin gayya. Kowace manhaja za a naɗe ta a ƙunshi guda, kowane ƙunshi da mai kula da shi, komai kuma a yi shi a bainar jama'a. Ya rubuta wannan manufa a wata takarda a watan Janairun 1994, wata gidauniya da Stallman ya kafa kuma ta ɗauki nauyin aikin daga Nuwamban 1994 zuwa Nuwamban 1995.

Har yau babu wani abu mai suna Debian 1.0. A ƙarshen 1995 wani kamfanin buga faifan CD, InfoMagic, ya ɗauki aikin da ba a gama ba, ya buga masa lamba 1.0, ya kai kasuwa. Don kada mutane su rikice, sai aka tsallake lambar. Cikakkiyar fitowa ta farko ta zo a watan Yunin 1996 da lamba 1.1, ɗauke da ƙunshi 474. A lokacin Murdock ya riga ya miƙa ragama ga Bruce Perens, ma'aikacin kamfanin fina-finai na Pixar, shi ya sa aka kira fitowar Buzz, sunan ɗaya daga cikin 'yan tsanan fim ɗin Toy Story na kamfanin. Al'adar ta zauna: Rex, Bo, Hamm, Slink, Potato, Woody. Reshen da sababbin manhajoji ke fara shiga, inda abu kan lalace a kowane lokaci, sunansa Sid, yaron maƙwabta mai karya kayan wasa a fim ɗin.

Tafiyar mai kafawa cikin shekara uku kan kashe ƙungiyar sa-kai. Debian ta tsira ne saboda ta rubuta dokokinta. A watan Yulin 1997 ta amince da wata yarjejeniya tsakaninta da jama'a, inda ta yi alkawarin zama manhaja mai 'yanci ɗari bisa ɗari, da mayar wa marubutan asali duk gyaran da ta yi, da barin rahotannin kurakuranta a buɗe ga kowa, da fifita bukatun masu amfani. Ta haɗa da ƙa'idojin gane manhajar da ta cancanci shiga. Waɗannan ƙa'idoji ne aka ɗauka a 1998, da ɗan gyara, suka zama ma'aunin da duniya ke tantance buɗaɗɗiyar manhaja da shi. A 1997 ɗin aka kafa ƙungiyar Software in the Public Interest a Amurka don riƙe gudummawar kuɗi, tunda Debian ba kamfani ba ce.

A ƙarshen 1998, zamanin jagorancin Ian Jackson, kundin tsarin mulki ya biyo baya. Duk shekara mambobi na zaɓen shugaba, kuma ba mutum ɗaya ake dangwala wa ba, jera 'yan takara ake yi daga wanda aka fi so zuwa ƙasa. Shugaban ba ya iya tilasta wa kowa aiki. Rigimar fasaha tana zuwa gaban kwamiti, idan ta gagara a kai ta ƙuri'ar kowa da kowa.

Masu amfani kuwa abin da ya fi jan su shi ne APT, wanda ya zo da fitowar Slink a 1999. Mutum ya rubuta umarni ɗaya, kwamfuta ta nemo manhajar da yake so, da duk waɗanda ta dogara da su, ta girka. Shagunan manhaja na wayoyin hannu sun zo ne kusan shekara goma bayan haka.

Mulkin jama'a na da tasa nawar. Daga Woody a Yulin 2002 zuwa Sarge a Yunin 2005, kusan shekara uku aka yi ana jira. A cikin wannan giɓi Mark Shuttleworth, attajiri ɗan Afirka ta Kudu kuma tsohon mamban Debian, ya kafa kamfanin Canonical, ya fitar da Ubuntu a Oktoban 2004, wadda aka gina a kan Debian amma take sabuntawa duk wata shida. Daga Ubuntu aka samu Linux Mint. Kali Linux ta masu binciken tsaro, da Tails ta masu ɓoye sawu a intanet, da manhajar ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi, duk daga Debian suka tsiro.

An sha rigima ma. A 2006 saɓani da Mozilla kan tambari ya sa Debian ta canja wa Firefox suna zuwa Iceweasel, sai a 2016 aka daidaita. A 2008 aka gano cewa wani gyara da aka yi wa manhajar tsaro ta OpenSSL shekara biyu baya ya raunana makullan sirri, dole mutane da yawa suka sake nasu. A 2014 taƙaddama kan systemd, tsarin tayar da kwamfuta, ta yi zafi har wasu suka ɓalle suka kafa Devuan. Murdock kansa ya rasu a Disamban 2015 yana da shekara 42, aka sadaukar da fitowar 2017 gare shi.

Taron shekara-shekara, DebConf, wanda aka fara a Bordeaux ta Faransa a 2000, ya iso Afirka a 2016, a birnin Cape Town. Daga 2020 zuwa 2024 kuma ɗan Afirka ta Kudu, Jonathan Carter, ne ya shugabanci ƙungiyar. A zamaninsa aka warware wata tsohuwar matsala: kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa ba sa kama intanet sai da wasu ƙananan manhajoji na kamfanoni, waɗanda ba a buɗe suke ba. A 2022 mambobi suka kaɗa ƙuri'a, suka gyara yarjejeniyar 1997, aka yarda a saka su cikin kayan girkawa. Bookworm ta 2023 ce ta fara fitowa da su.

Yau mambobi masu ƙuri'a sun kai kimanin dubu, fitowa kuma tana zuwa kusan duk shekara biyu, da kulawar tsaro ta shekara biyar. Mai son gwadawa zai iya ɗora ta a filashi, ya tayar da kwamfuta daga nan ba tare da taɓa abin da ke ciki ba. Mai tsohuwar na'ura ya zaɓi fuskar Xfce mara nauyi, mai sabuwa ya ɗauki GNOME ko KDE. Trixie, wadda ta fito ranar 9 ga Agusta, 2025, ta zo da ƙunshi sama da 69,000, kuma an riga an raɗa wa biyu masu zuwa suna: Forky da Duke.