Sanyin Gida da Ɗumin Baƙunta: Ƙaurar Robert Louis Stevenson Zuwa Samowa

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatun boko sun san littafin nan Treasure Island, mai labarin yaro Jim Hawkins da ɗan fashin teku mai ƙafa ɗaya, Long John Silver. Amma kaɗan ne suka san cewa marubucinsa, Robert Louis Stevenson, bai mutu a ƙasarsu ba. Kabarinsa yana kan wani dutse a tsibirin Upolu na ƙasar Samowa, can tsakiyar tekun Fasifik, wato kusan bangon duniya idan aka auna daga birnin Edinbara na Sikotilan inda aka haife shi. Sanyi ne ya kore shi daga gida, kuma sai da ya yi shekara 17 yana juya shawarar tafiya a ransa kafin ya yanke ta.

Mai karatu da ya tashi a ƙasa mai zafi zai iya yin mamakin yadda mutum zai bar danginsa don neman rana, abin da mu muke gudu mu shiga inuwa. To, sai ya tuna da muku-mukun sanyin hunturu, yadda tsofaffi da masu ciwon ƙirji suke kwana suna tari, sa'an nan ya ƙaddara cewa wannan sanyi ya ninka, ya haɗu da ruwan sama da hazo da hayaƙin kwal, ya kuma zauna fiye da rabin shekara. Haka Edinbara take a ƙarni na 19, har mutanenta suka yi mata laƙabi da sunan da ke nufin tsohuwa mai hayaƙi.

A nan aka haifi Stevenson ran 13 ga Nuwamba, 1850. Shi kaɗai ne ɗa wajen iyayensa. Mahaifinsa Thomas injiniya ne, daga gidan da ya shahara wajen gina hasumiyoyin fitila masu nuna wa jiragen ruwa hanya a gaɓar Sikotilan. Mahaifiyarsa Margaret ɗiyar malamin coci ce, ita ma mai raunin ƙirji. Yaron ya tashi da tari da zazzaɓi, galibin ƙuruciyarsa a kan gado ya yi ta, mai renonsa Alison Cunningham tana zaune a gefensa tana ba shi labarai. A zamaninsa an ɗauka tarin fuka ne yake damunsa, ko da yake likitocin baya sun yi saɓani a kan haka. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, tun yana saurayi sanyi ba ya barinsa lafiya, daga baya kuma ya riƙa aman jini.

Tafiyarsa ta farko shi kaɗai don neman lafiya ta auku a 1873. A farkon wannan shekara ya sami babban saɓani da mahaifinsa a kan addini, gidan ya yi tsami, jikinsa kuma ya rikice. Wani likita a Landan mai suna Andrew Clark ya umarce shi da ya tafi Menton, wani gari mai ɗumi a bakin teku a kudancin Faransa. Ya zauna can daga Nuwamba har cikin bazarar 1874, ya kuma rubuta maƙala a kan halin majinyacin da aka tura kudu. A ganina tun daga nan ne abubuwa biyu suka cakuɗe masa, har ya kasa raba su: gudun sanyi da gudun gida. Yana son iyayensa ƙwarai, da kuɗin mahaifinsa yake ci yake sha, amma numfashinsa ya fi sakewa idan ya yi nesa da su.

A 1879 ya yi abin da ya kusa raba shi da su ɗungum. Ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka ba tare da ya sallami iyayensa ba, ya bi wata Ba'amurkiya mai suna Fanny Osbourne wadda ya haɗu da ita a Faransa a 1876, ta girme shi da shekara 10, tana da 'ya'ya, kuma a lokacin aurenta bai mutu ba tukuna. Ya ratsa Amurka a jirgin ƙasan 'yan ci-rani har Kalifoniya, inda talauci da ciwo suka kusa kashe shi. Da labari ya kai Edinbara, sai zuciyar uba ta karaya, ya buga masa waya cewa ya yanka masa fam 250 a kowace shekara. Aka ɗaura aure a Sanfaransisko a watan Mayu na 1880, a watan Agusta kuma ya komo gida da amaryarsa. Abin mamaki, tsoho Thomas da surukarsa suka shaƙu sosai.

Shekaru bakwai da suka biyo baya su ne na tsaka mai wuya, kuma su ne suka fi cancanta a tsaya a kansu. Likitocin wancan zamani ba su da maganin ciwon huhu, domin sai a 1882 ne ma Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, maganinta kuwa sai bayan shekaru fiye da 60. Abin da suke da shi kawai shi ne canjin iska, kuma ba su yarda da juna ba a kan wace iska ce. Wasu suka ce ɗumin bakin teku, wasu suka ce busasshen sanyin kan duwatsu. Saboda haka aka tura shi Davos ta ƙasar Suwizalan, ya yi hunturu biyu a cikin ƙanƙara tare da sauran majinyata, yana ganin ana fita da gawarwakin waɗanda suka ci abinci tare. A can ya ƙarasa Treasure Island, wanda ya fara a Sikotilan a 1881. Daga nan ya koma Hyères a kudancin Faransa, wurin da daga baya ya ce a nan ne ya taɓa jin daɗin rayuwa, amma annobar kwalara ta 1884 ta tashe su.

Sai suka sauka a Bournemouth, a kudancin Ingila. Wannan zaɓi sulhu ne tsakanin huhunsa da iyayensa: garin ya fi Edinbara ɗumi, amma bai yi nisan da tsofaffin za su kasa zuwa ba. Thomas ya sayi gida ya ba Fanny kyauta, wanda duk mai hankali zai gane cewa turke ne aka kafa don kada ɗan ya sake tsallake teku. Tsohon ya fara rikicewa, ƙarfinsa da tunaninsa suna raguwa, ɗansa kuwa shi kaɗai gare shi. Stevenson ya zauna shekara uku a wannan gari, mafi yawan lokaci a kulle a ɗaki, wani lokaci ma likita ya hana shi magana sai da rubutu. A cikin wannan hali ya fitar da Dr Jekyll and Mr Hyde da Kidnapped, duka a 1886. Sunansa ya cika duniya, shi kuwa bai iya fita ƙofar gida ba sai da izini. Ya san zama yana cin ransa, amma bai tafi ba. Ni dai ban ga wani dalili da ya riƙe shi ba wanda ya kai mahaifinsa ƙarfi.

Thomas ya rasu ran 8 ga Mayu, 1887. Stevenson ya je Edinbara, sanyi ya kama shi, har bai iya halartar jana'izar ba. Bayan wata uku kacal ya bar Birtaniya, kuma bai sake taka ta ba. A nan akwai abin da ake yawan mantawa idan ana ba da labarinsa: bai bar mahaifiyarsa a baya ba. Margaret, gwauruwa 'yar shekara 58, wadda ta saba da zaman babban gida da masu aiki, ta ɗaure kayanta ta bi ɗanta. Suka yi hunturu a Saranac, a duwatsun jihar Niyok, kusa da wurin jinyar masu tarin fuka na Dakta Trudeau, cikin sanyin da ya fi na gida tsanani. A watan Yuni na 1888 suka yi hayar wani jirgin ruwa mai tafiya da iska, Casco, suka tashi daga Sanfaransisko zuwa tsibiran Fasifik: shi, da matarsa, da agolansa Lloyd, da tsohuwar.

Abin da ya faru a teku ya ba kowa mamaki. Mutumin da aka saba gani a kwance ya tashi yana yawo ba takalmi, yana shiga ruwa, yana cin abinci da marmari. Suka bi ta Markesas da Tahiti da Hawai da tsibiran Gilbert, a Disamba 1889 suka iso Apiya, babban garin Samowa. Da taimakon wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Harry Moors, ya sayi daji mai faɗin eka 300 da 'yan kai a tudun da ke bayan garin, wurin da ake kira Vailima. Ba don Samowa ta fi sauran tsibiran kyau ya zaɓe ta ba. Dalilinsa na marubuci ne: jirgin wasiƙu mai zirga-zirga tsakanin Sidni da Sanfaransisko yana ratsowa ta nan kowane wata, wato rubutunsa zai iya kaiwa ga maɗaba'a, kuɗinsa kuma su iso gare shi.

Duk da haka, ko da ya sayi filin bai yanke ƙauna da gida ba. A Fabrairu 1890 ya je Sidni da niyyar wucewa Ingila ya ga abokansa. Sidni ba gari ne mai tsananin sanyi ba, amma ko ɗan sanyinta bai iya ɗauka ba, ya kwanta rai a hannun Allah, sai da aka ɗauke shi aka sa a wani jirgin fatake mai zagaya tsibirai, sa'an nan ya farfaɗo. Da ya sake komawa Sidni a watan Agusta ciwon ya sake tashi. Jikinsa ne ya yanke hukuncin da zuciyarsa ta kasa yankewa. Ya rubuta wa abokinsa, marubuci Henry James, yana gaya masa cewa ba ya zaton zai sake zuwa Ingila sai dai sau ɗaya, shi ma don ya mutu.

Me ya samu, me kuma ya rasa? Ta fuskar jiki, shekaru huɗun da ya yi a Vailima su ne mafi lafiya a rayuwarsa ta girma. Yana hawan doki, yana noma da hannunsa, yana sare ciyawa har ya jiƙe da gumi. Ya gina katafaren gida, ya tara iyali: matarsa, da 'ya'yanta biyu, da jikanta, da mahaifiyarsa wadda ta je Sikotilan ta dawo a 1891, ga kuma Samowawa masu aiki da ya riƙe kamar 'yan gida. Mutanen ƙasar suka sa masa suna Tusitala, wato mai rubuta labarai. Ya tsoma baki cikin siyasarsu, a lokacin da Jamus da Birtaniya da Amurka suke ja-in-ja a kan tsibiran, ya rubuta littafi a 1892 yana tona ɓarnar jami'an Turawa, har aka yi raɗe-raɗin za a kore shi. Bayan yaƙin 1893 ya riƙa kai wa sarakunan da aka ɗaure saboda goyon bayan Mata'afa abinci da magani. Da aka sake su, suka sare masa hanya da hannunsu zuwa gidansa a 1894, don godiya.

Amma an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abokan da suka yi ƙuruciya tare, waɗanda hira da su ita ce abincin ransa, babu su. Wasiƙa takan yi wata guda a hanya, amsarta wani watan, kafin ta iso zancen ya huce. Ya yi ta roƙon Sidney Colvin, babban amininsa kuma mashawarcinsa a harkar rubutu, da ya zo ya gan shi, Colvin bai zo ba. Maimakon haka sai ya riƙa ƙorafin cewa wasiƙun Stevenson sun cika da zancen mutanen da babu wanda ya damu da su a Landan, abin da ya ɓata wa Stevenson rai ƙwarai. Mutanen adabi na Landan sun ɗauka cewa nisa zai kashe masa basira. A nan sun yi kuskure, domin The Beach of Falesá da The Ebb-Tide, waɗanda ya rubuta a kan ƙazantar rayuwar Turawa a tsibiran, suna cikin ayyukansa mafi ƙarfi.

Sai dai kuma alƙalaminsa ya ƙi zama a Samowa. Yana zaune a cikin zafi, tsakanin itatuwan kwakwa, amma Catriona da ya fitar a 1893 labarin Sikotilan ne, haka ma Weir of Hermiston, wanda ya gina a kan rikicin uba mai tsanani da ɗansa tilo. Mai karatu ba ya bukatar a gaya masa inda wannan labari ya samo tushe. Ya sa aka yi masa jigilar kujeru da tebura da hotunan gidan mahaifinsa daga Edinbara har Vailima. Ya kuma kashe kuɗi ya gina murhun jin ɗumi irin na gidajen Sikotilan a cikin ɗaki, a ƙasar da babu mai bukatar wuta sai don girki.

Gidan da iyalin sun ci kuɗi, shi kaɗai ne kuma mai nema, saboda haka ya riƙa rubutu ba hutawa. Ran 3 ga Disamba, 1894, ya yi safiya yana yi wa agolarsa Belle shiftar Weir of Hermiston, yana jin cewa bai taɓa rubutu mai kyau kamarsa ba. Da yamma yana taya matarsa haɗa abinci, sai ya dafe kansa ya faɗi. Jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, huhun da aka yi shekaru ana gudu dominsa ba shi ya kashe shi ba. Yana da shekara 44. Samowawa suka sare hanya zuwa ƙololuwar dutsen Vaea, washegari suka ɗauki gawarsa a kafaɗa suka kai ta can.

A daidai wannan lokaci abokinsa na ƙuruciya kuma lauyansa, Charles Baxter, ya kama hanyar Samowa, ɗauke da kundayen farko na tarin ayyukansa da aka buga a Edinbara. Yana kan hanya labarin mutuwar ya riske shi. Margaret ta koma Edinbara ba miji ba ɗa, ta rasu a can a 1897. Fanny ta rasu a Kalifoniya a 1914, a shekara mai zuwa aka kai tokar gawarta aka binne kusa da mijinta a kan dutsen. Gidan Vailima ya zama masaukin gwamnan Jamus, sa'an nan na jami'an Niyuzilan, sa'an nan na shugaban ƙasar Samowa, kafin a mai da shi gidan tarihi a 1994.