Ƙafar gaban a-kori-kura: Abin dubawa kafin sauya sifirin da shokazoba

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne haɗin ƙarafa da robobin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota, wato sifirin, shokazoba, hannuwan da ke riƙe taya, bol-join, tayarod da bushin. A a-kori-kura, ƙafar gaba ce ke ɗauke da nauyin inji, kuma ta nan sitiyari ke juya mota. Shi ya sa kuskuren da aka yi a wurin yakan bayyana ne a kan kwana ko a lokacin taka birki, inda ba a samun damar gyara.

Ƙirar ƙafar ta bambanta daga mota zuwa mota. Toyota Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau, kowace tayar gabanta tana motsi ne ita kaɗai, bisa hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, da murɗaɗɗen sifirin da ya kewaye shokazoba. Land Cruiser 79, wadda aka fi sani da Buffalo a Nijeriya, aksil guda ne ya haɗe tayoyin gabanta. Haka ma manyan a-kori-kurar Amurka irin su Ford F-250 mai ja da ƙafa huɗu. Kayan wannan ƙira ba sa hawa kan waccan.

Sifirin kuwa ana zaɓensa ne gwargwadon nauyin da ke zaune a gaban mota dindindin. Idan an ɗaura bambar ƙarfe, ko injin janwe, ko ƙarin batir, gaban zai sunkuya, kuma a nan sifirin mai ƙarfi yake da amfani. Amma wanda ya sa shi a motar da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya sayi wahala da kuɗinsa: motar za ta riƙa tsalle a kan gargada, taya na rabuwa da ƙasa, bushin na saurin cinyewa. Kamfanoni irin su Old Man Emu na Ostareliya suna rarraba sifirinsu ne bisa wannan lissafi na nauyi.

Ɗaga mota ma yana da iyaka. A Hilux, ƙarin tsawo na kimanin milimita 50 shi ne abin da aka saba yi. Idan aka zarce haka, shaf ɗin gaba yakan karkace fiye da kima, bol-join na sama ya takura, sai an sauya hannun sama kafin taya ta zauna daidai. Kowane ɗagawa kuma yana buƙatar sabon alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe guda. Mota mai tsawo ta fi saurin kifewa a kwana, abin da masu sha'awar ado ba su cika lissafawa ba.

Aikin shokazoba shi ne hana sifirin ci gaba da lilo. A doguwar hanya mai gargada man da ke cikinta yakan yi zafi har ƙarfinta ya ragu, don haka mai bututu ɗaya, irin ta Bilstein, ta fi jure wa zafi. Ana sauya ta hagu da dama tare. Ta Beljiyam tana da araha, sai dai ido ba ya gane wadda ta gaji.

'Yan kasuwa da dama kan kai mota gyaran gaba alhali matsalar daga baya take. Buhunan da aka jibge bayan tayoyin baya suna ɗage gaba, sitiyari ya yi sako-sako. Sabon sifirin ba ya ƙara yawan lodin da kamfani ya ƙayyade wa mota, domin birki da aksil da taya suna nan yadda suke. Adadin yana rubuce a littafin motar da kuma allon da ke manne a jikinta, galibi a ginshiƙin ƙofa.