Kanta of Kebbi (1978): Tarihin Babban Fim ɗin da Gwamnatin Sakkwato ta Ɗauki Nauyinsa

Gabatarwa

A shekarar 1978 an kammala finafinai biyu waɗanda kowannensu ya ginu a kan gwarzon da ya fi ƙarfin mutane. Na farko shi ne Superman, wanda Richard Donner ya ba da umarninsa, kamfanin Warner Bros. na Amurka kuma ya rarraba shi a duniya. Na biyu shi ne Kanta of Kebbi, wanda Malam Adamu Halilu ya ba da umarninsa da tallafin kuɗi daga Gwamnatin Jihar Sakkwato. Na farkon har yau ana kallonsa, ana kuma cin kasuwarsa. Na biyun kuwa, ko a cikin birnin Sakkwato da Argungu kaɗan ne za su ce sun taɓa ganinsa, galibin ɗalibai a jerin sunayen finafinai kurum suke cin karo da shi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin yadda aka zo ga yin wannan fim, a kuma duba abin da ya hana shi isa ga jama'ar da aka yi shi dominta.

Daga Majigi zuwa Sinima

Hoto mai motsi ta ƙofa biyu ya shigo ƙasar Hausa. Ƙofar farko ita ce majigi, watau motar gwamnati mai zagaya garuruwa tana nuna fim kyauta a ƙofar fada ko filin kasuwa, don a koya wa talakawa tsafta da noma da biyan haraji. Baban Larai, wanda ya shafi noman zamani, shi ne wanda dattawa suka fi tunawa. Ƙofa ta biyu ita ce gidan sinima na biya, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937 da Palace a 1952, waɗanda akasari Kwarori ne suka mallake su, abin da suke nunawa kuma na Amurka ne da Ingila, daga baya na Indiya ya rinjaya. Waɗannan ƙofofi biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Gwamnati tana yin fim ba ta sayarwa, 'yan kasuwa suna sayar da fim ba su yi.

Adamu Halilu ɗan ƙofar farko ne. An haife shi a 1936, ya sami horo a Ingila, ya yi shekaru yana shirya finafinan wayar da kai a sashen fim na Gwamnatin Jihar Arewa. Lokacin da kuɗin man fetur suka bunƙasa bayan 1973, kuma Nijeriya ta shiga shirin bikin FESTAC na 1977, sai Gwamnatin Tarayya ta ba shi aikin mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim, bisa wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin. An gama shi a 1976, tsawonsa ya haura awa biyu, da Hausa aka yi shi tun daga farko har ƙarshe, Umaru Ladan kuma shi ya fito a matsayin Shaihu. Wannan aiki ne ya tabbatar wa hukumomi cewa ana iya ɗaukar tarihi mai ayari da raƙuma da fada a zuba shi a majigi da harshen gida.

Dalilin Zaɓen Kanta

An ƙirƙiro Jihar Sakkwato ranar 3 ga Fabrairu, 1976, daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, kuma a lokacin ta ƙunshi ƙasashen da yanzu suke jihohin Kabi da Zamfara. Sabuwar jiha tana bukatar abin da za ta nuna wa sauran Nijeriya, tarihi kuwa shi ne babban jarinta. To, amma tarihin wa? Wanda ya san Sakkwato ya san ba abu ne mai sauƙi ba a sa wa ɗan wasa rawani a ce shi ne Shehu Usmanu ko Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, balle a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. A ganina wannan yana daga cikin abin da ya sa Kanta ya fi dacewa: gwarzo ne na wannan ƙasa, amma ya riga jihadi da kusan shekara ɗari uku, don haka ana iya kwaikwayonsa ba tare da an taɓa alfarmar kowa ba.

Labarinsa kuwa kamar don fim aka yi shi. Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya kawo cewa Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya yi tawaye wajen 1516, rundunar da aka aika masa kuma ta kasa karya shi. Daga baya Askiya Muhammadu Bunkan ya sake gwadawa, shi ma ya sha kashi. Kanta ya gina Surame, birnin da kufansa yake nan a ƙasar Binji, da ganuwar dutse wadda har yau ana ganinta. Ya gwabza da Barno, ya rasu a hanyar komowa daga wannan yaƙi a ƙasar Katsina, aka ɗauko shi zuwa gida. Muhammadu Bello da kansa ya ba shi wuri a cikin Infaƙul Maisuri. Ga kuma abin da baka ta adana: jirgin ruwansa mai rufin tagulla, da yadda aka tilasta wa Asbinawa ɗauko ruwa daga ƙasarsu don aikin ganuwa, da yadda Nufawa suka kwaɓa nasu rabon ginin da man kaɗe. Ko marubutan Amurka da suka ƙago Superman a 1938 ba su ƙago abin da ya fi wannan armashi ba.

Akwai wani al'amari na siyasa da bai kamata a tsallake ba. Kabawa, jikokin Kanta, su ne suka fi daɗewa suna jayayya da Daular Usmaniyya. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, Yakubu Nabame ya ta da tawaye a 1849, Argungu kuma ba ta sallama ba har zuwan Turawa. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ake danganta bunƙasar bikin kamun kifi da ita. Saboda haka gwamnati mai hedikwata a Sakkwato ta fitar da kuɗi don ɗaukaka kakan Kabawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Inda Gizo ke Saƙa

Yin irin wannan fim a wancan zamani aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. Dawaki da lifidi da sulke da taron mayaƙa, waɗannan fadojin sarakuna suna iya bayarwa. Amma zaren fim daga waje ake sayo shi, kayan aiki daga waje, kuma da yake babu wurin wanke fim mai launi a Nijeriya, dole a aika abin da aka ɗauka zuwa Turai a wanke, a tace, a haɗa sauti, duka da kuɗin waje. Kowane kwafi da za a buga kuɗi ne na dabam. Wanda bai ware wa kwafi da talla nasu kason tun farko ba, zai wayi gari da fim a cikin gwangwani, ba shi da hanyar kai shi ga kowa.

A nan ne kwatanci da Superman yake da amfani. An kashe masa wajen dala miliyan 55, abin da ba a taɓa kashe wa wani fim ba kafinsa. Marlon Brando shi kaɗai an biya shi dala miliyan 3.7 don aikin da bai wuce mako biyu ba, kuma ba don yawan aikin aka biya shi haka ba, sunansa aka saya don a jawo masu zuba jari da masu kallo. Kamfanin da ya rarraba fim ɗin da kamfanin DC Comics mai buga littattafan zane na Superman a lokacin duk uwarsu ɗaya, watau Warner Communications. Saboda haka kafin fim ɗin ya fito a Disamba 1978, littattafai da riguna da kayan wasan yara da tallan talabijin sun riga sun cika gari, aka kuma buɗe shi a gidajen sinima ɗaruruwa a rana ɗaya. Ya tara kimanin dala miliyan 300. Mai karatu zai lura cewa tun ranar da aka fara shirin wannan fim ake shirin sayar da shi.

Kanta bai sami ko kaɗan daga wannan ba. A wancan lokaci hanyar rarraba finafinai a Nijeriya tana hannun AMPECA, ƙungiyar kamfanonin Amurka, da kuma dillalan finafinan Indiya. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya sunayen masu gidajen sinima a takarda, amma ba ta sauya abin da ake nunawa ba. Mai sinima a Sakkwato ko Gusau yana samun fim ɗin Indiya da araha, wanda ya riga ya mayar da kuɗinsa a wata ƙasa, ya kuma san zai cika masa gida. Me zai sa ya bar shi? A ɗaya gefen kuma, ma'aikatar gwamnati ba ta da al'adar sayar da tikiti. Tarbiyyar majigi ce ta bi ta: an yi fim, an nuna wa manyan baƙi, an rufe fayil.

Ba za a ce laifin zamani ne kurum ba, domin a waɗannan shekaru ne Ola Balogun ya yi Ajani Ogun a 1976, Hubert Ogunde kuma ya biyo da Aiye. Yarbawa 'yan wasan yawo sun ɗauki finafinansu a mota suna bin garuruwa, suna kama zauren taro, su tsaya a bakin ƙofa su karɓi kuɗinsu. Suna da 'yan kallo tun daga dandamali, kuma kuɗin aljihunsu ne a ciki, shi ya sa ba su yi barci ba. Fim ɗin Kanta ba shi da wanda zai yi asara in ba a kalle shi ba.

Abin da ya Biyo Baya

An kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya da doka ta 61 ta 1979, Adamu Halilu kuma ya shugabance ta da ta fara aiki. Amma kafin ta kafu sosai kuɗin mai sun ja baya, faɗuwar darajar Naira daga 1986 kuma ta sa zaren fim ya gagari kowa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, da ɗan kuɗi kaɗan, kasuwa ta karɓe shi, daga nan masana'antar Kano ta tashi. A 1991 aka cire Jihar Kabi daga Sakkwato, Argungu ta koma can, kufan Surame ya tsaya a nan.

Shaihu Umar ma an daɗe ana ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano ainihin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a Fabrairu 2018, watan da Black Panther, wanda aka kashe wa dala miliyan 200, ya fito a duniya. Adamu Halilu bai ga wannan rana ba, domin ya rasu tun 2001. Zaren fim kuwa ba ya jure zafi da laima, kowace bazara ta Sakkwato tana rage masa kwana, kuma aikin neman kwafin Kanta da takardun kuɗinsa a ma'ajiyun Jos da Kaduna da Sakkwato yana jiran ɗalibin da zai ɗauke shi.