Zomon da ya mutu a Kambrij: tarihin littafin malamar nazare a Ingila

Wata safiya a cikin watan Yulin 1925, yaran wata ƙaramar makaranta a birnin Kambrij na ƙasar Ingila suka iske zomon da suke kiwo ya mutu cikin dare. Ɗaya daga cikinsu ya lura cewa cikinsa ya daina motsi. Wani ya ce babansa ya faɗa masa idan aka tsoma shi a ruwa zai farfaɗo. Malamarsu ba ta ƙaryata uban ba, ta ce a kawo ruwa a gwada. Aka tsoma zomo a baho, ya taso saman ruwa yana lilo, sai gardama ta kaure, wasu na cewa ai ga shi nan yana motsi, da ransa. Malama ta jefa ɗan itace a ruwan, shi ma ya yi ta lilo, yara suka yarda cewa ruwan ne ke kaɗa su duka biyun. Suka binne zomo a lambu. Washegari wani ya ce ai zomo ya riga ya tafi sama, sai suka ɗauko abin haƙa suka tone ramin don su gani da idonsu.

Wannan labari ya kai shekara ɗari bai ɓace ba saboda an rubuta shi a lokacin da abin ya faru, da kwanan wata, da sunan wanda ya yi kowace magana. Malamar ita ce Susan Isaacs, makarantar kuwa sunanta Malting House. Wani ɗan kasuwa mai suna Geoffrey Pyke ne ya kafa ta a 1924, domin yana nema wa ɗansa tilo irin karatun da ba a samu a makarantun zamanin. Ya ba da talla a jarida yana neman mace mai ilmi da za ta riƙe makarantar ta kuma yi bincike a cikinta, Isaacs ta amsa. An fara da yara maza goma, yawancinsu 'ya'yan malaman jami'a. Akwai lambu da dabbobi da kayan kafinta, har da ƙananan rishon gas irin na ɗakin gwajin kimiyya. Da farko malaman ne ke rubuta abin da yara suka yi da abin da suka ce. Daga baya aka ɗauki masu rubutun gaggawa don kada kalma ta kuɓuce.

Abin lura a nan shi ne wanda ake rubuta wa. Babu sufeton da ke jiran waɗannan takardu, babu ma'aikatar da ta ba da fom. Malaman da suka rubuta su ne masu karanta su, su kuma yi muhawara a kansu. Malamar da ta sake karanta labarin zomo za ta ga abin da ba ta samu sukunin gani ba a tsakiyar hayaniya: cewa yaro ɗan shekara biyar yana iya kawo zato, ya yarda a gwada shi, ya kuma sauya ra'ayi idan gwajin ya saɓa masa. Za ta kuma ga aikin hannunta, ta tambayi kanta ko jefa itacen nan ya taimaka, ko kuwa ta yi gaggawar rufe gardamar da yaran za su iya warwarewa da kansu. Littafin yana ɗauke da sunayen yara, amma malama yake koyarwa.

Har manyan masana sai da littafin ya ja da su. Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya kasance yana ganin yaro ƙarami bai isa ya fahimci yadda wani abu ke haddasa wani a cikin na'ura ba. Ya ziyarci makarantar a 1927. Isaacs ta ba da labarin wani yaro da bai cika shekara shida ba, wanda ke zaune a kan keke mai taya uku yana juya feda baya. Da ta tambaye shi yadda keken ke tafiya, sai ya jero bayani daki-daki: ƙafa ta danna feda, feda ta juya ƙarfen da ke riƙe da ita, sarƙa ta ja, taya ta juya. Hujjarta a kan Piaget ita ce shi yana yi wa yara tambayoyin da shi ya shirya, ita kuwa tana rubuta abin da suke faɗa a kan abin da ya dame su. Daga waɗannan takardu ta fitar da littattafai biyu, Intellectual Growth in Young Children a 1930 da Social Development in Young Children a 1933. Kafin su fito ta riga ta bar makarantar tun 1927, ita ma makarantar ta rufe a 1929 bayan Pyke ya karye a cinikin jan ƙarfe.

Sai dai Malting House makarantar gata ce, kuma wanda ya ɗauke ta mizanin ƙasa ya yi kuskure. A unguwar Deptford ta talakawan Landan akwai wani irin littafin dabam. Margaret McMillan da yayarta Rachel sun buɗe asibitin yara a can a 1910, sannan makarantar nazare ta sararin waje a 1914. Yaran da ke zuwa musu suna fama da yunwa da ciwon kunne da ruɓewar haƙori, don haka abin da ya fi damunsu shi ne nauyin yaro da lafiyar jikinsa, kuma da irin waɗannan bayanai Margaret ta riƙa matsa wa hukuma lamba. Ta dage cewa renon ƙananan yara sana'a ce mai buƙatar horo mai zurfi, a lokacin da jama'a ke ganin kowace budurwa mai haƙuri za ta iya. Dokar ilmi ta 1918 ta ba ƙananan hukumomi izinin kashe kuɗi a kan makarantun nazare, a 1930 kuma aka buɗe kwalejin horar da malamai mai sunan Rachel, shekara guda kafin Margaret ta rasu. Tun daga tushe, ke nan, littafin malamar nazare ya zo da fuska biyu: ɗaya tana kallon malama, ɗaya tana kallon hukuma.

A 1933 Isaacs ta zama shugabar farko ta sashen nazarin girman yaro a Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan, ta riƙe shi shekara goma. Malaman da suka riga suka daɗe a aji ne ke zuwa ƙaro ilmi a wurinta, kuma lura da yara da tattauna abin da aka gani shi ne ƙashin bayan karatun. Da yawa daga cikin ɗalibanta suka zama malaman kwalejojin horo, suka yaɗa al'adar. A cikin shekarun nan ne kuma ta taimaka wa hukumar ilmi ta yankin Wiltshire wajen tsara katin bayanan ɗalibi. Dalilin a fili yake: malama mai yara arba'in, wadda ba ta da mai rubutun gaggawa, ba za ta iya cika shafuka irin na Kambrij ba. Kati ya fi sauƙi, kuma yana bin yaro daga aji zuwa aji. Amma abin da ke shiga cikin gidan kati kaɗan ne, labarin zomo ba zai taɓa samun wuri ba.

Shekarun bayan yaƙin duniya na biyu ba su sauya wannan sosai ba. A 1945 aka kafa hukumar jarrabawar masu renon yara, wadda kwas ɗinta na shekara biyu ya ƙunshi tara rahotannin lura da yara masu yawa. Sana'ar ta rabu hawa biyu, malamai masu takardar koyarwa a sama, masu reno a ƙasa da albashi kaɗan, kuma rabuwar tana nan har yau. Gwamnati ta yi alkawarin faɗaɗa nazare a 1972, lokacin Margaret Thatcher na ministar ilmi, tattalin arziki ya taɓarɓare, alkawarin ya bi ruwa.

Babban sauyi ya zo ne tare da kuɗi. A 1996 gwamnati ta fara gwada ba iyayen yara 'yan shekara huɗu takardar biyan kuɗin nazare ta fam 1,100, ta kuma fitar da jerin sakamakon da ake so yaro ya cim ma, aka ɗora wa hukumar sufetoci ta Ofsted duba ko ana kaiwa gare su. Ba a ga laifin gwamnati a nan ba, domin mai biyan kuɗi yana da haƙƙin tambaya. Amma daga wannan lokaci mai karanta littafin ya sauya. A 2003 aka shigo da kundin auna yaro a ƙarshen shekarar share fagen firamare, mai ma'auni 13, kowane da maki 9, jimilla 117. Malama mai yara 30 za ta yanke hukunci 3,510 ke nan, kuma jami'an ƙaramar hukuma na iya zuwa su nemi shaidar hukuncin. A watan Satumban 2008 tsarin ƙasa na shekarun farko ya fara aiki a kan duk mai renon yara daga haihuwa zuwa shekara biyar, da manufofi 69.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya shiga nazare a Ingila a wancan zamani ya gan shi. Malama na yawo da ƙananan takardu masu manne da kyamara, tana jiran yaro ya yi abin da ya dace da wani gida a jadawali. Da yamma, sau da yawa bayan an tashi aiki, a yanka hotuna a liƙa a kundin kowane yaro. Da manhajojin waya irin su Tapestry suka zo, almakashi da gam suka huta, kwamfutar hannu ta shiga tsakanin fuskar malama da ta yaro. Kalmar ba ta sauya ba, har yanzu lura ake cewa ana yi. Bambancin shi ne Isaacs tana rubuta abin da ya ba ta mamaki, malamar 2010 kuwa tana farautar abin da aka riga aka faɗa mata za ta gani. Takardar da aka rubuta don kare kai ba ta ɗaukar shakka, ba ta ɗaukar kuskuren malama, alhali daga nan ne ƙwarewa ke tsirowa.

Abin takaici, binciken da gwamnatin da kanta ta biya ya nuna inda amfanin yake. Daga 1997 ayarin masana ƙarƙashin Kathy Sylva da abokan aikinta suka bi yara kimanin 3,000 tun suna 'yan shekara uku. Sun gano cewa ingancin nazare yana tafiya da zurfin ilmin ma'aikatanta, kuma wuraren da suka fi kyau su ne inda babba ke zama da yaro su ja zaren tunani ɗaya tare, a yi tambaya, a gwada, a sake tambaya. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru a bakin bahon zomo, kuma ba ya yiwuwa ga wadda hannunta ke kan kyamara.

Gyara ya zo a hankali, kamar ana cire ƙaya. Rahoton Clare Tickell na 2011 ya nemi a rage manufofin daga 69 zuwa 17, aka yi haka a 2012. Sabon tsarin ya ce kada auna yara ya raba malama da su na dogon lokaci ko ya jawo tarin takardu. Ya kuma wajabta wani abu da ba a cika ambata ba, wato kowace ma'aikaciya ta riƙa samun zama da shugabarta don tattauna yaran da ke hannunta da kuma ci gabanta a aiki. Wannan ya fi kome kusa da teburin Malting House, idan an ba shi lokaci. A shekarar dai Farfesa Cathy Nutbrown ta duba takardun shaidar ma'aikatan fannin, ta iske ɗaruruwa iri-iri, wasu ba su da nauyin kirki. Gwamnati ta ƙirƙiro muƙamin malamin shekarun farko a 2013, amma ba ta ba shi matsayin malamin makaranta ba, don haka albashi da sharuɗɗan aiki suka ci gaba da bambanta.

Gargaɗin 2012 bai hana tarin takardu ba, domin tsoron sufeto ya fi layi ɗaya a cikin doka ƙarfi, kuma jagorar da aka raba wa malamai, mai jera abin da ake sa ran gani a kowane zangon shekaru, ta koma jadawalin sa maki a hannun shugabanni. Sai a watan Satumban 2021 aka fito fili: malama ta dogara da sanin da ta yi wa yaro da hukuncinta na ƙwararriya, kuma kada a tilasta mata tara shaidar zahiri don tabbatar da shi. Aka kuma soke zuwan jami'an ƙaramar hukuma don tantance kundin ƙarshen shekara.

A cikin wannan watan ne kuma wani sabon awo ya zama tilas a dukkan makarantun gwamnati na Ingila. Cikin makonni shida na farkon shigar yaro ajin share fagen firamare, malama za ta zauna da shi na kimanin minti 20, ta ba shi ƙananan ayyuka na harshe da lissafi, ta shigar da amsoshinsa a na'ura. Abin da ke dawo mata 'yan jimloli ne na bayani. Makin kansa ba a nuna mata shi, ana ajiye shi ne a rumbun gwamnati har shekara bakwai, lokacin da yaron zai gama firamare, sannan a fito da shi a auna makarantar.